Zoben Baƙuwa

A Tungar Labbo, can bayan Augie,
inda fadama ke shimfiɗa tabarma
bayan an kwashe shinkafa,
Sarkin Ruwa Arzika ya sa an yi shela:
gobe ba tarko, ba danƙo, ba harbi,
gobe ranar baƙi ce masu fiffike,
kowa ya fito ya yi musu barka da zuwa.

Ni aka ba tabarmar gaba.
Ni! Da na shekara talatin
da ƙwarya kife a kaina,
hanci kaɗai a sama, ina lallaɓawa tsakanin bado,
in kama ƙafar agwagwa ta ƙarƙashin ruwa.

Ban iya lissafin waɗanda na fige ba.
Guda ɗaya na riƙe.
'Yar ƙarama ce, ba ta kai kirinjijiya ba,
da farin layi bisa ido kamar an ja mata alli.
Ina wanke ta sai wuƙa ta yi ƙara:
zobe a ƙafa, siriri, an tsaga masa lambobi.
Na kai wa Malam Tunau na firamare,
ya juya shi, ya ƙara juyawa, ya cire tabarau,
ya ce, “Wannan daga bayan hamada ta taso,
daga bayan tekun da ke bayan hamada.
Wani ya riƙe ta a tafin hannu, kamar kai,
ya sa mata wannan, ya buɗe yatsu.”
Ni na rufe nawa.
Daren nan miya ta yi daɗi, kowa ya faɗa,
ni dai loma ta ƙi wucewa.

To yau ga gari ya tashi.
Mata sun kifa ƙore a kan ruwa suna kiɗa,
a hankali, an ce kar a firgita masu biki.
Jirage sun jeru ba mai tsoma taru.
Yara sun yi fukafukai da kwali da karan dawa,
wani ya zama zalɓe, ƙafa ɗaya a sama,
har ya faɗa taɓo, aka yi ta shewa.

Nomau bai yi dariya ba.
Ya ce, “Ku yi ta tafi. Bara buhu biyu suka ci mini,
wa ya kaɗa mini ganga?”
Ba wanda ya amsa, don bai yi ƙarya ba.
Arzika ya ce a auna masa tiya tiya daga kowane gida.
Ya karɓa yana gunaguni,
amma na gan shi daga baya, hannu a goshi,
yana bin garken dinya da kallo har suka ɓace a yamma,
bakinsa a buɗe, ya manta da ƙorafin yunwa.

Jikata Kulu ce mai littafin ƙirga.
An aro mata madubin hangen nesa daga Birnin Kebbi,
tana gani, ni ina faɗin suna,
don idona ya tafi, kunnena bai tafi ba.
Wannan kukan jinjimi ne. Wancan gauraka, biyu.
“Biyu kacal, Kaka?”
Biyu. Da, in sun sauka, ba ka ganin ƙasa.
Ta rubuta. Ta ja layi. Ta ce bana sun fi bara kaɗan,
da goma sha ɗaya.
Goma sha ɗaya ba ta biyan bashin da ke kaina,
amma da ita za mu kwana, da ita za mu fara biyan kowa.

Zoben yana nan, a igiyar makullin ɗakina.
Lambobin sun fara shafewa.
Ban san sunan mai buɗe yatsun ba,
ko yana raye, ko ya gaji da jira.
In iska na kai saƙo, ta gaya masa:
waccan ba ta koma ba, ni ne sanadi.
Waɗannan kuwa, in zafi ya kama,
za mu tsaya a bakin gulbi hannu sake,
mu ga tashinsu, mu ƙirga masu komawa.