Kunnen Tankari

Ranar Talata da hannu muka tura ta,
daga bakin tashar Tawa har rumfar Tankari,
ni da yara huɗu, dala goma-goma.
Bashe ce, ta girmi ɗana na fari.
Fentinta ya koma launin ƙasar Adar,
ƙofar dama sai da igiya take rufuwa.

Arzika ya ce, "Baba, sayar da ita,
masu awon ƙarfe na biya nan take."
Na ce, "Kuɗin makarantarka
a bayanta suka hau, buhu-buhu.
Albasar Galmi ce, ba gadon kowa ba."

Tankari ba ya gani sosai yanzu,
yana ta ci idon hagu, tana lallaɓar na dama.
Ya ce, "Ɗaga kapo. Tayar da ita."
Ya ɗora bakin turnabis a kan inji,
ya manna ƙotar a kunnensa
kamar mai sauraren gulma ta bango.
Ya daɗe. Shayinsa ya huce.
"Nomau, ba ciwon ajali ba ne.
Dauɗa ce da rowa. Rowar taka ce."

Ya kwance ƙusar ƙasa, mai ya zubo
baƙi ƙirin, da kaurin miyar kukar jiya.
"Yaushe rabonka da bidanji?"
Na ce tun Sallar layya.
Ya ce, "Ta wace shekara?"
Yaran garaji suka tuntsire.

Buji huɗu ya zaro, kowane da baƙar hula.
Ya goge uku da takardar yashi,
ya auna bakinsu da tsohuwar reza,
na huɗu ya jefo mini: "Kai wa jikanka."
Matatar iska ya buga a gwiwa,
ƙasar hanyar Keita ta shekara biyu
ta fito ta gaishe mu.
"Toshe hancinka da tsumma," in ji shi,
"ka hau tudun Badagishiri da buhu talatin,
sannan ka zo ka zagi mota."

Kan batir ya yi farin gemu,
ruwan zafi da kanwa suka yi masa aski.
Karbirato ya sha wanka da esansi a tsohon kwano,
ya busa ramukanta da baki, ya tofar.
Ya ƙara 'yar matata ta jika ɗaya a kan tiyo,
don man kwalba na bakin hanya
ba ya zuwa shi kaɗai, da yashinsa yake tafe.
Fankar lantarki kuma, daga gawar wata mota,
ya ɗaure gaban lagireto saboda bazara.
Sai zaren roban nan da muke ce wa kurwa:
ya danna da babban yatsa, ta lotsa.
"Sunan bai faɗi banza ba.
In ta tsinke a dajin Abalak, taka ma ta bi ta."

La'asar sakaliya ya ce in murɗa.
Tari ɗaya ta yi, irin na gyaran murya,
sai ta kama sumul.
Kofin da ya ɗora kan rufinta bai zubar da ɗigo ba.

Jika goma sha biyu, kaya da aiki.
Na ba shi sha uku. Ya lalubo ɗaya ya maido:
"Na iskar taya ne. Ta baya ta hagu.
Tun shigowarku na ji tana jan ƙafa."

Kwana uku bayan nan, da sanyin safiya,
buhu talatin da biyu, Arzika a gefena
yana riƙe da igiyar ƙofa.
Tudun da muka saba hawa da addu'a da giya ɗaya
ta haye shi da ta uku, ba hayaƙi.
Bai ce komai ba har muka wuce gonakin gero.
Can sai ya ce, bai dube ni ba,
"In mun sauke kaya, ka ba ni makulli."