Faifai Na Bakwai

Ranar Talata ɗan wasiƙa yake ajiye su
a bakin ƙofata, nan Elkins, gindin tsaunuka.
Wannan makon bakwai ne.
Na ɗora ruwan shayi, na goge tabarau,
na zauna, alƙalin da ba wanda ya naɗa.

Na farko samari uku ne daga birni,
gemu har ƙirji, suna waƙar ramin kwal
da hannuwan da ba su taɓa yin baƙi ba.
Banjonsu na gudu kamar ana bin sa bashi.
Na rubuta: akwai gwaninta, babu gishiri.
Na biyu an wanke shi har ya rasa warin mutum.
Na uku na ji shi sau biyu,
don mai gogen ya san inda ake yin shiru.
Sauran ukun, Allah ya ba su masu saye.

Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki,
kalma ɗari huɗu a shafi na sha biyu,
tsakanin tallan taya da sanarwar rasuwa.
Ban iya kaɗa komai ba, kunne kawai gare ni,
shi kuwa kunne in ya daɗe a kujera
sai ya fara ɗaukar kansa sarki.

Na bakwai babu hoto a jikinsa,
suna ne kawai da biro: Junie Cutlip.
Na ajiye kofin.

Wata kaka can baya, wata Delphia Cutlip
ta aiko min kaset daga ƙauyensu.
Na ce muryarta ƙofa ce da ba a sa wa mai ba.
Jimlar ta yi min daɗi a lokacin,
edita ya yi dariya har da buga tebur.
Delphia ba ta sake aiko da komai ba.
Magana zarar bunu, na sani,
amma sani daban, tunawa daban.

Na kunna.
Yarinyar tana da jita mai tsohuwar tsirkiya,
ana jin ruwa na dukan kwanon ɗakinsu,
wani kare ya sa baki a waƙa ta huɗu
ba a kuma cire shi ba.
A ta goma jitar ta yi shiru.
Wata tsohuwa ta yi tari, ta ce, “Kin kunna abin?”
Sannan ta ɗauko waƙa.

Ƙofar nan ce dai. Har yau ba mai.
Sai dai ni ne na sake:
hunturu huɗu ke nan da binne Wilma,
na san yanzu abin da kukan ƙofa yake nufi
a gidan da ba mai shigowa.

Cikin kwalin akwai guntun jarida,
ya yi ja, ya karye a wurin ninki,
sunana a ƙasa, gashina baƙi a hoton.
A bayansa Junie ta rubuta:
“Cikin gwangwanin fulawa take ajiye shi.
Ta ce ko ba komai, ka rubuta sunanta daidai.”

Alhamis edita yake son sharhin.
Na sa kwanan wata, na sa sunan faifan,
shayin ya huce, ƙanƙara ta rufe matakala.
Biron na hannuna tun la'asar.
Na miƙa ɗaya hannun
na mayar da shi kan ta goma.