Sifili da Tara

Ƙarfe ɗayan dare a Agege,
janaretan maƙwabta na tari,
ni ina durƙushe gaban kwamfutar aro.
Aikin da Oga Folarin ya ba mu a Yaba bai taka kara ya karya ba:
ga jerin haruffa, ga harafi guda,
sa na'ura ta faɗi sau nawa ya fito.

Na buɗe ma'aji, na ajiye sifili a ciki.
Na ce mata: bi layi tun daga farko,
kar ki tsallake ko da waƙafi.
In kin gamu da shi, ƙara ɗaya,
in ba shi ba ne, wuce abinki.
Haka kwandastan danfo ke yi tun daga Oshodi,
yana taɓa kafaɗu, kuɗi a tsakanin yatsu.
Haka Baba ya shekara ashirin yana yi a kasuwa,
gawayi a hannu,
buhun albasa ɗaya, zane ɗaya a bango.

Da na rasa abin gwaji,
sai na kwafo saƙon da ya turo
ranar da ciwon gwiwa ya mai da shi Aliero:

"Hansatu, ki kara hakuri, ki rike karatu,
kada ki manta da kasa."

Na ce, nemo mini ƙ mai lanƙwasa.
Ta ce: sifili.

Na duba baka biyu, na duba alamar daidai,
na zargi kaina, na zargi barci.
Ba kuskure.
Wayar Baba ce ba ta da ƙugiya,
irin mai tocila ce, an ɗaure ta da kyauro.

Na ce, to, nemo k tsurarta.
Ta ce: tara.

Gaskiya ta faɗa, iya gaskiyarta.
Amma huɗu daga cikin taran nan baƙi ne
da suka cire hula a bakin ƙofa.
Ita ba ta san kara daga ƙara ba,
ba ta san wanda ya kasa
da wanda ya koma ƙasa ba.

Ban gyara saƙon ba.
Na tura wa Oga aikinsa, ya yi daidai.
Janareta ya mutu, sauro ya karɓi aiki.

Lanƙwasar tana can a maƙogwaron Baba.
Gobe in na sa kati zan kira shi,
in bar shi ya yi ta faɗa a kan tsadar taki,
ni kuwa ina ƙirgawa da kunne.