Ba Ni Alhamis

Balaraba, na ga hasken ɗakinki jiya,
ƙarfe uku, ta ƙasan ƙofa.
Na ji kina ɗauraye kofin nan
mai jan zare a wuya,
wanda kike auna wa Sallau ruwa da shi.
Kar ya wuce zaren.
Shi yana kallon randa, ke kina kallon bango.

Kowa ya shigo, "Ya mai jiki?"
Ke ce mai amsa "Da sauƙi."
Wata goma sha huɗu kina faɗa,
har kalmar ta koɗe kamar zanen da ya sha wanki.
Ba wanda ya ce, ke fa?

Litinin da Alhamis, a keke daga Badarawa,
wankin ƙoda awa huɗu,
ke a benci, fayil a cinya,
kina lissafi a bayan rasit.
An ɗebi jininki, aka ce bai dace ba.
Ƙaninsa na Fatakwal ya ce zai zo a gwada
tun kafin azumi.
Yanzu wayarsa tana shiga, ba a ɗagawa.

Kin daina sa gishiri a miya dominsa,
kin saba da lami
har kin manta ke ba a hana ki ba.
Kin kai keken ɗinkinki Kasuwar Barci,
kin dawo da kuɗin wanki uku.
Barcin kuwa, can ma ba a sayar da shi.

Ran nan a bayan tanki kika ce,
"Wani lokaci ji nake kamar in gudu,"
sai kika toshe baki, kina istigfari.
Sauke hannun.
Ni ban ji zunubi ba, gajiya na ji.
Ko ginshiƙi, da yana da baki, da ya faɗa.

Ba ni da ƙodar da zan ba shi,
ciwon suga ya riga ku.
Kuɗi kuwa, kin san abin da ƙosai ke kawowa.
Amma ina da Alhamis.

Ba ni ita. Miƙo fayil da katin,
ki nuna min hannun da ba a taɓawa.
Yaran su ci a wajena.
Ga tuwo can na rufe miki,
miyar da gishirinta, da yajinta.

Wayar ma bar min.
In kiran ya zo, wallahi
zan buga ƙofar nan har ta ɓalle.
In bai zo ba,
kar ki tashi sai la'asar.