Keken da Ba Ya Barin Ɗaki

Shekara ashirin ina jan tirela
daga Garwa zuwa Marwa,
yau ga ni kan keke ɗaurarre
a bene, bayan kasuwa.

Likita ya ce sukari.
Hamajoda mai horo ya miƙo alli:
"Zana hanyarka a bango."

Ran farko da ƙyar na ga Fitowa.
Wata Laraba wuta ta ɗauke, fanka ta yi tsit,
gumi har cikin ido,
na ce na bari.
Ƙafa ba ta ji ba.

Saura kilomita tara in shiga Figil,
inda a da nake tsayawa shayi.

Uwargida na dariya:
kullum tafiya, ba tsaraba.
Jiya na yi wa bel sabuwar huda,
na ajiye mata kan tabarma.