Lamba Tara a Ramin Kakuri

Ni ne yaron da ke riƙe masa famfo.
Ban taɓa samun muƙamin da ya wuce wannan ba,
amma duk abin da zan faɗa, a gabana aka yi shi.

Bayan masaƙa, inda tifofi suka kwashe jar ƙasa
suka bar rami kamar an cire wa Kakuri haƙori,
nan Tanimu Jatau ya fara.
Keken ma bai gama zama keke ba:
gangar jikin wani tsoho ce, Malam Barau na Panteka ya datse,
ya haɗa da walda, ya ce, "In ya karye, ba ni na aike ka ba."
Tayu ƙanana, birki ɗaya, shi ma sai an roƙe shi.
Lambar gaba kuwa tsohon faranti ne,
ni na zana masa tara da ragowar fentin kawuna.

Ran Asabar 'ya'yan injiniyoyin masaƙa sukan zo
da kekuna masu walƙiya daga ƙetare,
hular kwano, safar hannu, har da ruwa a gora.
Tanimu ya zo da silifas ɗaure da roba.
Aka busa usur.
Ban ga tashinsa ba, saukarsa na gani:
tudu biyu a tsalle ɗaya,
tayu na juyi a iska ba abin da suke takawa,
masu tallan rake suka saki salati.

Daga nan suna ya riƙa riga shi isa wurare.
Barnawa, Malali, filin bayan Kawo,
damina uku ba abokin tseren da ya ga fuskarsa, sai ƙeya.
An ba shi kofi, an ba shi rediyo, an ba shi turmin atamfa.
Atamfar ya kai wa innarsa,
wadda ba ta taɓa zuwa kallo ba,
ta ce zuciyarta ɗaya ce, ba ta da ta canji.

Yakan zo da asuba shi kaɗai,
ya bi kwanar nan da ƙafa, yana murza ƙasa a yatsu
kamar mai tayin gero.
Ya ce mini, "Ƙasa tana faɗin inda za ta yaudare ka,
mutane ne ba sa tsayawa su ji."

Ranar da bai ji ba, an kwana ana ruwa.
Waldar Malam Barau ta saki a tsakiyar sama.
Na ji ƙarar, ban san ta ƙarfe ce ko ta ƙashi ba.
Ta duka biyun ce.
Wata huɗu yana hannun mai ɗori a Tudun Wada.
Ya dawo, ya yi na uku, ya yi na biyar,
yaran da suka koyi tsalle a bayansa suka fara nuna masa ƙeya.
Bai yi fushi ba. Shi yake ɗaure musu sarƙa kafin a busa.

Sai masaƙa ta yi shiru.
Injiniyoyi suka tattara 'ya'yansu,
ramin ya ci shara, ya ci bulo,
yanzu bene ne tsaye daidai inda yake barin ƙasa.

Jiya na same shi a gindin dalbejiya, hanyar Makera,
yana faci, kwanon ruwa a gabansa,
yana neman inda tif ke satar numfashi.
Kofin na nan, ciki yake zuba noti da ƙusa.
Wani yaro ya turo ƙaramin keke, taya ta sace.
Tanimu ya gyara, ya ƙi karɓar kuɗi,
ya ce, "Tsaya in gwada maka birkin."
Ya hau, da furfura, da karkatacciyar kafaɗa,
ya miƙe a kan feda,
ya nufi kwalbatin nan na bakin titi.

Wallahi ban yi niyya ba,
sai dai na ga hannuna ya kai ga famfo.