Daren Talata a Siton Gishiri

Kowace Talata, in jirgin fito na ƙarshe ya ɗaure igiya,
nakan dirje baƙin mai daga hannuna da sabulu da yashi,
in saɓi ƙahona, in kama hawan tudu.
Ermelinda ta daina tambaya, shekara talatin da ɗaya ke nan.
Iyakarta ta ce, "Miyarka na kan murhu.
In ta huce, ruwanka."

Sunan ƙahon tuba.
Ni kuwa ban tuba ba.

Mu ashirin da uku ne a tsohon siton gishiri,
nan São Jorge, inda teku ya yi mana ƙawanya,
inda shanu ke kwana cikin hazo
kuma kowane gida na da ɗa a ƙetare.
Ga Custódio mai aski, hannunsa na karkarwa tun safe,
da ya kama tagulla sai ta tsaya cak.
Ga Graciete mai matsar cuku,
da ƙarnin madara a gashinta,
a makare take zuwa, a makare take shiga busa.
Ga Abílio da Tibério, ba sa ga-maciji
tun rigimar wata katangar dutse da ta raba makiyayarsu.
Takarda ɗaya suke kallo.
In ɗaya na busa, ɗaya ke juya masa shafi,
sannu ba ta taɓa haɗa su ba.

Ko anini ba a ba mu.
Mu ke karo-karon kuɗin lantarki.
Kwat ɗin da nake sawa ranar idin waliyyi
na wani mamaci ne mai gajeren hannu.

Ɗana ya bugo daga Toronto:
"Baba, me kake tsinta a ciki?
Bum, bum. Sauti biyu kake hurawa dare guda."
Na ce, ka taɓa jin an yabi harsashin gini?
Ya yi dariya.
Da na ajiye waya na san wayo na yi masa,
ban ba shi amsa ba.

A Fabrairu tsohuwa Zulmira ta cika.
'Ya'yanta bakwai, duk a bayan teku,
iska ta hana jirgin sama sauka kwana huɗu.
A ƙofarta: fada, akwati, mutum huɗu masu ɗauka.
Sai mu.

Muka bi ta a hankali,
ruwan sama na zuba a bakin ƙahona kamar mazurari.
Custódio ya kuskure.
Graciete ta shiga a makare.
Takardunmu suka jiƙe suka manne,
muka koma busa da ka.
Taga ta buɗe. Wata ta buɗe.
Kafin mu sha kwanar gidan burodi
na ji takun ƙafafu a bayanmu,
da yawa,
kuma a kan bum-bum ɗina suke takawa.

Busar ba ta yi daɗi ba, ba zan ɓoye ba.
Amma Zulmira ba ta tafi cikin shiru ba.

A murfin akwatin ƙahon, ta ciki,
akwai sunaye biyar da fensir.
Na farkon ya dushe, sai wutsiyar harafi.
Na shida nawa ne.
Akwai sauran fili a ƙasa, kamar yatsa biyu.

Jiya jikar mai burodi ta zo, Benvinda,
shekararta tara, ƙahon ya kusa fin ta tsawo.
Ta cika kumatu ta hura,
ya yi kukan saniyar da aka raba da ɗanta.
Sito ya kece da dariya.
Har Abílio ya dubi Tibério,
suka tuna,
kowa ya kau da kai.

Na sauko tudu leɓena na zogi.
Fitilar ɗakin girki na kunne.
Miya ta huce.
Ruwana.